Marar Suna

"Kai kawai za a cire, Hajiya. Kai kawai. Sauran jikin ba wanda zai taɓa."

Ƙasimu ne yake magana daga bakin ƙofar shigifa, ya ƙi shigowa kamar an ce masa akwai kububuwa a ciki. A bayansa wani mutum na tsaye rungume da injin yankan tayil, wayar injin tana jan ƙasa. Hajiya Larai ba ta juyo ta dubi ɗan nata ba. Ta ci gaba da abin da take yi kowace safiya, gashin kaza a hannu, tana share ƙura daga kunnen Delu mai koko.

"Kai kawai," ta ce. "Ashe abin da sauƙi. Kai ma in an cire naka, ai sauran jikin ba wanda ya taɓa."

Delu mai koko ta daɗe a kabari, amma ga ta nan durƙushe a kan benci, jar ƙasa gasasshiya, ludayi a hannu, baki a karkace kamar yanzu za ta ɗura wa wanda ya taka mata tabarma ashar. Kusa da ita Sailuba ungozoma ce, ta ɗaure zani a ƙirji. Ga mai kitso da kai a cinyarta, ga mata biyu sun haɗu a turmi ɗaya. Matan Ƙofar Jatau ne na wancan zamani, ko wacce ba ta wuce gwiwar mutum a tsawo ba, kuma duk hannun Malam Sabo ne ya fitar da su.

Malam Sabo, maigidan Larai, ɗan gidan magina ne. Kakansa ne ya zayyana soraye da yawa a cikin birni, ya yi musu dagi da takobi, har keke da agogo ya taɓa fitarwa a bangon wani attajiri. Jikan ya yi boko, ya karanci zane da sassaƙa, ya koyar da su har ya yi ritaya. Sai dai shi bango bai ishe shi ba. Ranakun hutu yakan sayo yumɓu wurin masu ginin tukwane, ya zauna a gindin bishiyar bedin tsakar gida yana murzawa, mata suna leƙowa ta katanga suna shewa. Ranar da Delu ta zo ganin kanta, sai da ta zagaya abin ta riƙe haɓa.

"Malam Sabo, ba ka da kirki! Tun da kai ne da wuƙa da nama, ka ƙara min hanci mana!"

A lokacin 'yan tsanan Malam ake ce musu. Larai ba za ta iya cewa ga shekarar da sunan ya sauya ba. Ta dai san an fara rufe shigifar in an yi baƙi, daga baya aka sa mata kwaɗo, yara kuma suka fara rugawa in sun zo wucewa ta ƙofar gidan suna cewa gidan gumaka. Abin nan dai shi ne, bai ƙaru ba bai ragu ba. Bakin mutane ne ya juya.

Yanzu ga mai aikin can a keken guragu a bakin baranda, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshen ma ya tafi da shi. Kullum da hantsi sai ta turo shi nan, ya bi fuskokin da hannun hagu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gaida maƙwabta.

"Hajiya, don Allah a bar wasa," in ji Ƙasimu. "Na tambayi malamai. Sun ce in dai babu kai, ya zama kamar kututturen itace. Mala'iku ma za su shiga gida."

"Ni ban ja da malamai ba. A gabansu na durƙusa na yi karatu tun ba a san za a haife ka ba. Abin da nake tambaya, shekara da shekaru kana kwana kana tashi a gidan nan, ba ka taɓa tambayar lafiyar mala'iku ba sai da aka buga gangar zaɓe? Kuma fuskar nan taka da aka lilliƙa a bangon zaure, mai hula a karkace, ita ma za a cire mata kan ne?"

Mai injin ya sunkuya yana gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Ƙasimu ya share gumi. Takarar kansila yake yi, kuma 'yan adawa sun samo masa suna, suna ta yaɗawa a waya: ɗan mai gumaka. Ga shi Radiya, tsohuwar ɗalibar Malam Sabo, ta ce jibi za ta zo da mota ta kwashi kayan zuwa Kaduna, za ta yi musu baje koli, duniya ta san malaminta.

"In suka fita da kawunansu, da sunan Baba a jiki, aka ɗauki hoto aka watsa, ni na gama yawo. Ba ni kaɗai ba, har yarana a islamiyya. Jiya Umaima da kuka ta dawo." Ya sassauta murya, don ba mugun yaro ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. "To shi ke nan, ji nan. Zaɓi guda ɗaya. A bar miki ita da kanta, ki sa a ƙuryar ɗakinki, kada kowa ya gani. Wacce kike so?"

Larai ta tsaya cak da gashin kaza a hannu.

A bayan ƙyauren ƙofa, inda ba a gani sai an shigo an rufo, akwai wata budurwa a zaune, ta ɗora haɓa a gwiwa, tana murmushin da bai gama fitowa ba. Tana da ɗan tabo a girar hagu, inda ta faɗa kan turmi tana ƙarama. Batul ce, 'yar farin Larai, wadda sanƙarau ya ɗauke tana gab da gama makarantar koyon jinya. Hotonta ɗaya tak, na makaranta, ruwa ya cinye shi shekarar da soron baya ya rufta.

Larai ta yi shugabar firamare har ta gaji. Ta yi musu da sufetoci, ta yi musu da masu wa'azin da ke cewa boko na lalata mace, ta yi musu da likitan da ya ce Malam Sabo ba zai kai damina ba. Ba abin da take haɗiyewa don an ce haka aka tarar. Abu ɗaya ne ya shige ta tun ba ta san musu ba, ya zauna a ƙashi: alkunyar ɗan fari. Tun da ta haifi yarinyar ba ta taɓa kiran sunanta ba. Surukarta ce ta yi renon, a ɗakin da ke kallon nata. Larai ba ta goya ta a gaban mutane ba, ba ta yi mata wasa ba, in za ta aike ta sai ta ce, "Ke, 'yar Inna." Ranar da aka fita da gawar, mata na birgima, ita tana madafa tana tace gasara, ana cewa kai, Larai akwai kara.

Bayan arba'in Malam Sabo ya sayo yumɓu. Da ya gama, shi da kansa ya ajiye aikin a bayan ƙyaure, ya miƙa mata mabuɗi ya ce, "Shigifar nan na son shara kullum." Tun daga ranar take shiga ta rufo ƙofa, ta kalli 'yarta iya son ranta, abin da ba ta samu yi ba tana da rai.

"Hajiya, wacce?"

Ga ɗanta, ga mijinta, ga baƙon namiji. Ta bi ɗakin da kallo, ta dubi Delu, ta dubi Sailuba, ta dubi masu daka, ta dubi kowacce ban da guda ɗaya.

"Duk ɗaya ne a wurina," ta ce.

A da, wannan ya isa magana. Da surukarta na da rai, ko Delu, ko kowace tsohuwa a lungun nan, da tuni ta ce, "A bar ta bayan ƙofa," ba tare da ta dubi Larai ba. Haka kara take: kai ka ɓoye, na kusa da kai ya gane, ya yi maka abin da bakinka ba zai iya roƙa ba. Mutum biyu ke ɗaukar ta, kamar shimfiɗar tabarma mai tsawo. Amma Ƙasimu ɗan zamanin da ake faɗin komai ne, abin da kunnensa ya ji shi ne magana.

Daga baranda aka ji Malam Sabo yana kokawa da harshensa. Jijiyar wuyansa ta miƙe, hannun hagu yana dukan ƙarfen keke.

"Ba... Ba..."

Shi ma uba ne, shi ma bai taɓa kiran sunan ba. Yau da ya yarda ya karya alkunyar, rabin sunan kaɗai Allah ya bar masa.

"Kin ji ko?" in ji Ƙasimu, fuskarsa ta saki. "Baba ma ya ce ba komai. To bari ni in zaɓar miki. Ga taki nan, kina budurwa, da alli a hannu. Ita za a bari. Waccan ta bayan ƙofa kuwa, tun ina yaro na lura ba kya ko son kallonta, na san tana fama miki ciwo. Da ita za a fara, ki huta."

"Ƙasimu."

"Na'am, Hajiya?"

Sunan 'yarta ya taso tun daga cikinta, ya zo maƙogwaro, ya tarar da hanyar da bai taɓa bi ba. Mai injin yana kallonta.

"A yi a hankali," ta ce. "Kada ƙura ta shigar wa Malam ido."

Aka tayar da janareto.

* * *

Jar ƙura ta kwana biyu tana sauka a kan randa da igiyar shanya. Kawunan kuwa tun a ranar aka zuba su a buhu aka fita da su a baro. Da ta tambayi inda aka kai, Ƙasimu ya ce an kai inda ya dace.

Radiya ta iso da motarta da katifun soso na naɗe kaya. Da ta leƙa shigifar sai ta dafe bango, jakarta ta zame ta faɗi.

"Inna lillahi! Mama, wa ya yi wannan? Aikin rayuwarsa fa ke nan!"

"Zaɓe ne ya yi."

Ta je ta durƙusa gaban keken malaminta tana kuka, shi kuma yana kallon bedi. Larai ta zaci za ta juya da motarta wayam. Amma bayan ta share hawaye ta koma shigifar, ta daɗe tsaye, ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta ja da baya. Sai ta ɗaga waya ta fara ɗaukar hoto.

"An riga an kama zauren baje koli, Mama, an gayyaci mutane. Kuma... ban sani ba. Akwai wani ƙarfi a tare da su a haka."

Tana naɗewa tana tambayar sunaye. Wannan mai koko, wannan ungozoma. Da ta zo kan wadda ta rungume gwiwa, wuyanta a shafe kamar bakin tulu, ta ce, "Wannan fa, Mama, wace ce?"

Larai ta gyara mayafi.

"Wata yarinya ce."

Washegari da hantsi ta turo Malam Sabo shigifar kamar kullum, don ba ta san abin da za ta yi da hantsin ba in ba haka ba. Ba kowa sai ita kanta, budurwa da alli. Ya miƙa hannu bayan ƙyaure, ya shafi iska, ya mayar da hannun cinyarsa. Daga ranar in ta kama keken sai ya riƙe taya.

* * *

Ranar buɗe baje kolin Radiya ta aiko da mota. Ta ce a yi haƙuri, zauren a saman bene yake, keken Baba Malam ba zai hau ba. Larai ta bar shi da matar Ƙasimu ta fito.

A bakin lungu ta tarar ramin nan da ya shekara yana cin ƙafar mutane da tayar babur an cike shi, an bi samansa da jar ƙasa an daddaɓe. Malam Nasidi mai shago ya taso yana gaishe ta.

"Hajiya, Allah ya yi wa Ƙasimu albarka! Tun bai hau ba ya fara aiki. Irin waɗannan muke so."

"Amin," ta ce, ta taka ta wuce.

Zauren na Kaduna sanyi kamar randa. An ɗora matan Ƙofar Jatau a kan fararen akwatuna, ko wacce da fitilarta, mutane na zagaya su da kofin lemo a hannu suna magana ƙasa-ƙasa. Delu da ba ta taɓa shiga inda ake rage murya ba, ga ta a tsakiya, ludayi a sama, babu bakin zagi.

Wani mai babbar riga da gilashi ya karɓi lasifika. Ya yi Turanci mai tsawo, sannan ya sauko Hausa saboda mutanen gida.

"Ku duba hikima! Mai wannan aiki da gangan ya raba su da kawunansu, domin ya nuna mana matan da aka hana magana, matan da aka shafe fuskarsu daga tarihi. Wannan jarumta ce. Ya riga zamaninsa."

Aka yi tafi. Wata mata kusa da Larai ta ce, "Allah sarki, Allah ya jiƙansa."

"Da ransa," in ji Larai. "Na bar shi yana shan kunu."

Matar ta yi dariyar yaƙe ta matsa gaba.

Radiya ta zo ta kama hannunta, ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Mama, ki yafe ni. Ni ban ce haka ba, su suka fassara, ni dai ban gyara ba. In na ce a gida aka yanke, masu ɗaukar nauyin ba sa son rigima, janyewa za su yi. A haka kuwa har daga waje an fara tambaya. Sunan Baba Malam zai je inda bai taɓa zuwa ba."

"Sunan zai je," in ji Larai. "Shi dai bene ya hana shi."

Ta zare hannunta ta bi akwatunan. Can a ƙarshe, kusa da taga, ta same ta. An haska ta ta ko'ina, ba ƙyauren da zai kare ta, kowa na kallo. Ga 'yan yatsun ƙafar, ga zoben azurfa da Malam Sabo bai manta ba, ga gwiwar da haɓa ke zama, an bar ɗan gurbi a wurin. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To ina za a tambaya?

A jikin akwatin an manna ɗan farin kati. Ta ciro tabarau ta sa. An rubuta da Turanci, an rubuta da Hausa a ƙasa: Marar Suna.

Ta daɗe tana karanta kalmomin nan biyu, ita da ta koya wa rabin unguwa karatu.

* * *

Sun baro Kaduna hadari na binsu, kafin su shigo birni an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya an ɗauke. Direban ya sauke ta a bakin lungu bayan la'asar, don mota ba ta shiga.

Ruwan ya wanke jar ƙasar da aka daddaɓe a kan ramin. Abin da ke ƙasa ya fito, jajaye-jajaye a cikin taɓo, tayoyi sun riga sun bi ta kai sun farfasa. Da farko ta zaci fasassun tukwane ne. Sai ta ga kunne. Kunnen da take sharewa kowace safiya, har da hujin ɗan kunne.

Ta tattare zani ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara. Ta sa hannu cikin ruwan tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ga rabin leɓe. Ga kitso. Ga hancin Delu, wanda ba a ƙara mata ba.

"Hajiya, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?" in ji Malam Nasidi daga shago.

"Wani abu ne ya faɗi."

"Hanya, Hajiya, hanya!" Wani ɗan acaɓa ya danna oda, ya kauce mata da ƙyar, ya watsa mata ruwa a mayafi. A bangon da ke samanta fuskar Ƙasimu ce a jere, ruwa ya jiƙa ta amma ba ta ɓanɓare ba, tana ta murmushi.

Can gefen kwata ta same shi. Bai kai tafin hannu ba: gira ɗaya, da rabin ido a ƙarƙashinta, da ɗan tabon turmi. Ta goge shi da bakin mayafi, a gaban mai shago, a gaban masu wucewa, ba ta ɓoye ba.

Malam Sabo na baranda inda ta bar shi, an lulluɓa masa bargo. Ta buɗe hannunsa na hagu ta sa masa abin. Babban yatsansa ya bi girar a hankali, ya zo kan tabon, ya tsaya.

"Ba..." ya ce. "Ba..."

Larai ta zauna a ƙasa kusa da tayar keken, taɓo na bushewa a hannunta.

"Batul," ta ƙarasa masa.

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi, yadda uwa ke kiran 'yarta daga madafa. Ruwa na ɗiga daga indararo cikin bokiti. Su biyun suka kasa kunne, suna jira, kamar akwai mai amsawa.